Fijo 504 ko Marsandi 230E: wacce ta fi zama a hannu?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Motoci biyu ne a gabana, duka tsofaffi, kuma ɗaya kaɗai zan iya riƙewa. Ta farko Fijo 504 ce salun, fetur, giya huɗu. Ta biyu Marsandi ce 230E, wadda ake kira W123, ita ma giyar hannu. Duka suna tashi, duka bodinsu da kyan gani a ido. Ba kasuwanci zan yi da ita ba, hawa zan yi, wani lokacin doguwar tafiya, kuma ba kullum hanyar ke da kyau ba. Abin da nake son ji daga waɗanda suka tuƙa su: wacce ta fi daɗin riƙo, wacce ta fi zama a kan titi? Ni ban taɓa tuƙa motar da ta girme ni ba.

Ɗan Tauraro: Wa alaikumus salam. Wannan ma tambaya ce? Ɗauki Marsandi ka huta.

Zakin Hanya: An fara. Ko gama karanta tambayar bai yi ba.

Malamin Lissafi: Kafin a fara jifa, bari a ajiye lambobi a ƙasa. 504 ta fito a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana ta, kuma ita ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. W123 ba ta zo ba sai Janairun 1976, injin 230E ɗin kuwa sai 1980. Ke nan tsakanin tunanin da ya haifi waccan da wanda ya haifi wannan injin akwai shekara goma sha biyu. Injin Fijo babba na fetur cc 1971 ne, da kafireto, ƙarfinsa doki 90 da ɗoriya. Na 230E cc 2299, injekta, doki 136. Tsawon Fijo mita 4.49, Marsandi 4.72. Tazarar tayar gaba da ta baya, Fijo 2.74, Marsandi kusan 2.80. A nauyi Marsandi ta ɗara ta da sama da kilo 100. A gudu 230E tana kai 180 a awa, Fijo 160 da 'yan kai. A takarda dai babu gardama.

Zakin Hanya: Malam, takarda ake tuƙawa? Kuma adalci ne ka haɗa mai kafireto da mai injekta? In gasa ake so a kawo 504 TI mai injektar Kugelfischer, ko a kawo Marsandi 200 ta farko mai doki 94, a ga ko akwai wata tazara.

Malamin Lissafi: Ba ni na zaɓi motocin ba, su ne a gaban yaron.

Baba Tsohon Direba: Ɗana Sabon Shiga, saurara. Na riƙe sitiyarin duka biyun shekaru masu yawa, kuma abin da ka tambaya ba a cikin injin yake ba, a cikin sitiyari da ƙafafun motar yake.

Sitiyarin Fijo irin na sanda mai haƙora ne, wanda makanikai ke cewa rak. Ka juya kaɗan, taya ta juya kaɗan, babu ɗan aike a tsakani. In tayarka ta hau tsakuwa za ka ji a tafin hannunka, in ta shiga yashi za ka ji sitiyarin ya yi sako-sako kafin idonka ya gane. Na Marsandi kuwa akwati ne, da 'yan ƙwallaye na ƙarfe suna zagayawa a ciki, sannan sanduna su kai saƙon ga taya. Shi ya sa a tsakiya yake da ɗan wasa ko da lafiyarsa ƙalau. Ranar farko da na zauna a W123 bayan na saba da Fijo, sai na ji kamar an ba ni faifai babba an ce in tuƙa jirgin ruwa. Ina ta gyara ta hagu da dama, ita kuwa ba ta roƙe ni ba. Sai da mai motar ya ce mini, "Sake ta mana, ta san hanya." Da na daina damun ta, sai ga ta ta miƙe kamar an ja zare.

To ga bambancin. A kwalta mai kyau, kana 120, Marsandi kamar an ɗora mata dutse. Babbar mota ta wuce ka, iskarta ba ta girgiza ka. Ka yi awa biyar ka sauka kafaɗarka ba ta yi tsami ba. Amma ka sauka daga kwalta ka shiga burji mai gargada, nan Fijo ke nuna ko ita wace ce. Ƙafafunta suna da nisan hawa da sauka, sifirin ɗinta da laushi, kujerun ma da laushi. Ramin da zai sa ka taka birki a Marsandi ka lallaɓa, ita sai ta haɗiye shi ka ji ɗan "dum" a can ƙasa, shi ke nan.

Zakin Hanya: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. A rufe zaure.

Baba Tsohon Direba: Kar ka yi saurin tafi, ban gama ba. Laushin nan yana da kuɗin da ake biya. Ka shiga kwana da gudu a Fijo, sai ta kwanta gefe har fasinja ya kama marikin ƙofa. Ba za ta sake ka ba, tayoyin suna nan a dafe, amma wanda bai saba ba zai tsorata ya ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, kuma wannan ne kuskuren.

Sabon Shiga: Baba, me ya sa kuskure ne? Na ɗauka rage gudu shi ne mafita.

Mai Sifana: Bari in karɓi Baba a nan, ƙanena. Duka motocin nan biyu tayoyin baya ke tura su, kuma a 504 samfurin GL da W123 kowace tayar baya tana da hannunta daban da ke rataye a karkace. Idan kana cikin kwana ka saki totur gaba ɗaya lokaci guda, nauyin mota sai ya koma gaba, baya ya yi sauƙi, tsayuwar tayar baya ta ɗan sauya. A busasshiyar kwalta ba za ka ji komai ba. In an yi ruwa kuma tayarka ta cinye, sai ka ga bayan motar yana neman wuce gabanta. Marsandi ma tana yi, kar wani ya ruɗe ka. Maganinsa ka rage gudu kafin kwana, ka shiga da ɗan totur a ƙafa.

Ɗan Tauraro: Oga, tawa ba ta taɓa yi mini haka ba.

Mai Sifana: Alhamdu lillahi. Ci gaba da sayen taya mai kyau.

Ɗan Tauraro: Ni abin da ke ba ni mamaki, ana ta maganar rami kamar Marsandi gilashi ce. Kun manta tseren Landan zuwa Sidni na 1977? Kusan kilomita 30,000, kuma W123 ce ta zo ta ɗaya, 280E, Andrew Cowan ke tuƙi. Ta biyun ma ita ce. Sannan ku je ku nemi labarin direban tasin nan na ƙasar Girka da ya yi kilomita miliyan 4.6 da 240D ɗinsa, har kamfanin ya karɓi motar ya ajiye a gidan tarihinsa. Fijo nawa ta yi haka?

Malamin Lissafi: Maganar tsere gaskiya ce. Amma motar direban tasin nan, Gregorios Sachinidis, W115 ce, yayar W123, ba ita ba. Sunan 240D ne ya zo ɗaya.

Ɗan Tauraro: Ai gida ɗaya ne.

Zakin Hanya: Idan tsere za a kawo, to mu zauna. Tseren Safari na Gabashin Afirka, 1975, Ove Andersson ya ci da 504 salun. A 1975 ɗin dai ta ci na Maroko da direba Hannu Mikkola, ta ci tseren Bandama na Kwaddibuwa. A 1978 Fijo ta sake cin Safari, Jean-Pierre Nicolas ke tuƙi, da 504 mai ƙofa biyu, injin V6. Waɗannan ba titin jirgi ba ne, laka ce da duwatsu da ƙura. Kuma ku tambayi kanku me ya sa bayan an daina yin salun ɗinta a Faransa a 1983, aka ci gaba da harhaɗa ta a Kenya har 2004, a Najeriya har 2006. Ba don kyan fitila ba ne.

Mai Kula da Zaure: Jama'a, yaron ba tsere zai shiga ba. A koma kan tambayarsa.

Hajiya Mai 230E: Ni zan yi maganar abin da ba a rubuta a littafi. Shekara tara ina tuƙa 230E, kafin ita kuma 504 ɗin mahaifinmu ce na koyi mota da ita, mai giya a jikin sitiyari.

Abu na farko da za ka lura, ƙanena, nauyin komai. Ƙofar Marsandi in ka rufe ta, ƙarar ma daban ce, kamar an rufe akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi. Totur ɗinta da tauri kuma da nisa, sai ka taka da niyya, shi ya sa mutane ke cewa ba ta da kuzari alhali ƙafarsu ce ba ta kai ƙasa ba. Kujerarta da ƙarfi, sifirin ne a ciki, za ka ji kamar a kanta kake zaune. Ta Fijo kuwa cikinta kake nutsewa. A minti goma na farko kowa Fijo zai zaɓa. Bayan awa huɗu ni dai bayana Marsandi yake gode wa, amma yayana akasin haka yake faɗa, kuma mun daina wannan gardamar.

Na biyu, kuma wannan ka riƙe shi: hanbirkin W123 mai sitiyari a hagu ba na hannu ba ne. Da ƙafar hagu ake taka shi, a sake shi da wani mariƙi a jikin dashbod. Da giyar hannu, ranar da ka tsaya a kan tudu, ƙafar hagu tana kan kuloci, dama tana kan birki, sai ka nemi ƙafa ta uku ka rasa. Na sha gumi a satin farko, mota a bayana tana ta hon. Yanzu ko tunaninsa ba na yi, amma ka san da shi.

Wajen fakin kuma kar tsawonta ya ba ka tsoro. Tayoyin gabanta suna karyewa sosai, tana juyawa a wurin da ba ka zata ba, kuma kana ganin ƙarshen bonet da tauraron nan a gabanka. Sai dai ka duba ko tana da fawa sitiyari. Fijo da yawa ba su da shi, a tsaye sai ka sa ƙarfi, amma da ta fara mirginawa ya yi sauƙi.

Sabon Shiga: Na gode Hajiya. Maganar ƙafa ta uku ta ba ni dariya, ta kuma ba ni tsoro.

Mai Sifana: Yanzu ni bari in ɓata wa kowa rai. Duk abin da aka faɗa a sama gaskiya ne game da motar da ke da lafiya. Motar da ta haura shekara arba'in kuwa, abin da kake ji a hannu rabi ƙirar kamfani ne, rabi tarihin waɗanda suka taɓa ta.

Fara da Marsandi. Ka tsayar da ita, tayoyi a miƙe, injin yana aiki, ka leƙo ta taga ka riƙa motsa sitiyari da yatsa biyu kana kallon tayar gaba. Ɗan wasa kaɗan halinta ne. In sitiyarin ya yi tafiyar faɗin tafin hannu taya ba ta motsa ba, akwai magana. Akwai dunƙulen gyara a saman akwatin, amma masu gaggawa suna ɗaure shi fiye da kima, sitiyarin ya daina komawa tsakiya da kansa, akwatin ya ƙarasa lalacewa. Sau da yawa ma ba akwatin ba ne, bushin ɗin hannun da ke ɗaya gefen ne, ko tayarod, ko ɗan shokozoban sitiyari da ke kwance a ƙasa. In ka taka birki a hankali ka ji "ƙwas" daga ƙarƙashin ƙafarka, robar sandar da ke riƙe hannun taya na ƙasa ce ta mutu. Duk waɗannan in an sabunta su motar tana komawa kamar yadda Baba ya kwatanta. In ba a yi ba, tana yawo a titi kamar akuyar da ta tsinke.

Injin 230E ba ya son zama kuma ba ya son datti. Injektarsa K-Jetronic ce ta Bosch, ba kwamfuta ke tafiyar da ita ba, ƙarfin turin mai ne, wajen bar 5 a agogon awo. In mota ta yi shekara biyu a ajiye, tsatsar tanki ta shiga kan rabon man, za ka sha wahala, kuma ba kowane mai gyara ke da agogon auna ta ba. Wanda bai san ta ba abin da zai fara ce maka shi ne a cire a sa kafireto. Kar ka yarda da wuri. Ka kuma saurari sarƙar injin da safe in an tayar da shi a sanyi.

Fijo kuma sauƙinta shi ne ƙarfinta. Kafireto, fulogi huɗu, injin a kwance gefe guda, hannunka yana kaiwa ko'ina. Silindojinta hannun riga ne da ake zarewa, ruwan lagireto yana zagaye su kai tsaye, don haka in sun cinye ba sai an kai bulok an rarake ba, a zare a sa sababbi da fistin ɗinsu. Amma a nan tarkon yake. Na taɓa karɓar wata da wani ya cire mata kan silinda don canza gaskit, ya juya injin ba tare da ya danne hannayen rigar ba. Suka ɗaga, abin toshewar da ke gindinsu ya saki. Aka haɗa, aka tayar, bayan kwana uku mai motar ya zaro sandar duba baƙin mai ya ga ta yi fari-fari, ruwa ya gauraye da mai. Aikin yini ɗaya ya koma sauke injin. Saboda haka ka zaro sandar nan ka duba, ka buɗe murfin lagireto a sanyi ka ga ko akwai maiƙo.

Sannan furofelar Fijo a cikin bututun ƙarfe take, daga giyabos har aksil ɗin baya. Dutse ba ya samun ta, kuma yana cikin abin da ya sa take jure mugun hanya. Ranar canza kuloci kuwa za ka ji makanike yana tsaki, don sai an ja na baya ko an ɗaga injin.

Ɗan Tauraro: Duk wannan bayanin ai ya nuna Marsandi ta fi inganci, gyara kawai take so.

Zakin Hanya: A'a, ya nuna Fijo ko a daji ta tsaya za ka tashe ta da sifana da filaya.

Mai Sifana: Ni ban ce ko ɗaya ba. Kuma ku biyun babu wanda ya ambaci tsatsa. Sabon Shiga, ɗaga kafet ɗin duka biyun ka taɓa ƙasan da hannu. A Marsandi ka duba ramukan da ake sa jak da ƙarƙashin batir. A Fijo ka duba ƙasan ƙofofi da inda ƙafafun baya suka kama jiki. Bodin da ya ruɓe babu shokozoban da zai sa shi ya zauna a titi.

Baba Tsohon Direba: Kuma ka tuƙa su a hanya ɗaya, rana ɗaya, da iskar taya daidai. Kar mai mota ya zaɓa maka hanyar.

Sabon Shiga: Na dawo, iyayena. Jiya na tuƙa duka biyun kamar yadda Baba ya ce. Marsandin a miƙaƙƙiyar hanya wallahi kamar ba gudu nake ba, sai da na kalli agogo na ga 110. Wasan sitiyarinta ya kai yatsa uku, kuma na ji "ƙwas" ɗin nan da Oga ya faɗa. Fijon ta fi sauƙi a hannu, na fi jin abin da taya ke yi, kuma a gargada gabanta lafiya lau. Amma bayanta yana ɗan tsalle, a wata kwana mai rami ma sai da na ji ya matsa gefe kaɗan. Ba haka na zata ba bayan yabon da aka yi mata. Na leƙa ƙasa na ɗauki hoto, ƙarfe ɗaya ne miƙaƙƙe ya haɗa tayoyin baya biyu, kuma birkin baya ganga ne, ba faifai ba. A but ɗin dai an rubuta GL.

Mai Sifana: To ai ga shi. Wannan ba ƙafar GL ba ce. GL ta asali kowace tayar baya da hannunta, kuma birkin faifai ne a duka huɗu. Aksil ɗaya da ganga na 504 L ne da ta fito a 1973, da wagon, da a-kori-kura, da wasu salun na baya-baya. Rubutun but kuwa kowa na iya liƙawa.

Malamin Lissafi: Idan L ce, to injin ma mai yiwuwa cc 1796 ne, ba 1971 ba. Lambobina na sama sai a rage.

Zakin Hanya: Ko da aksil ɗaya ne ai ya fi jure kaya, kuma babu robobin da za su yage. Wagon da ke ɗaukar mutum bakwai da shi take yawo.

Hajiya Mai 230E: Yayana Zaki, ɗazu laushi kake sayar mana, yanzu kuma ɗaukar kaya?

Baba Tsohon Direba: Ku bar shi, bai yi ƙarya ba. Sai dai tsallen da yaron ya ji gaskiya ne, mai aksil ɗaya in babu kowa a baya haka take, rami ya bugi taya ɗaya sai ɗayar ta amsa. Sa mutum biyu a kujerar baya ka sake bin kwanar nan, za ka ji ta natsu. In ba ta natsu ba, shokozoban baya sun mutu.

Ɗan Tauraro: Ko kuma ya ɗauki Marsandi ya huta, kamar yadda na faɗa tun farko.

Sabon Shiga: Yaya Ɗan Tauraro, ita ma ba ta tsira ba. Da na ɗaga kafet ɗin gefen direba na tarar da shi a jiƙe, kuma ba a yi ruwa ba kwana biyu.

Mai Sifana: Kar ka yanke hukunci tukuna. Akwai magudanan ruwa a bayan injin, wajen maƙalan bonet, ganye yana toshe su ruwa ya taru ya gangaro ciki, soson da ke ƙarƙashin kafet kuma yana riƙe ruwa makonni. Robar gilashin gaba ma tana yoyo. Koma gobe da tocila da sukundireba. Cire batir, ka soki ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, ka soki ƙasan inda ƙafarka ke zama. Ka shinshina ruwan kuma, in yana da maiƙo da warin ruwan lagireto to daga hita yake. A Fijon ka goge farantin lamba da ke cikin ɗakin injin ka turo mana hotonsa, mu san ko wace ce.